Yara da Iyali a Birnin Kano Lokacin Zuwan Turawa

Duk ɗalibin da ya karanta tarihi ya san cewa Turawan Ingila sun ci Kano ran Talata, 3 ga Fabrairu, 1903. Mun haddace sunan Gwamna Lugga da Sarki Alu da Sarki Abbas, domin mun san za a tambaye mu a jarrabawa. Amma akwai waɗansu mutane da yaƙin nan ya shafa waɗanda ba a cika tambayarmu labarinsu ba, su ne yara da matan gida. A cikin wannan ɗan bayani ina so mu duba yadda zaman gida da abotar yara suka kasance a unguwannin cikin birni, kamar na wajen Ƙofar Na'isa, sa'ad da sojan wata ƙasa suka mamaye gari. Abin da za mu gani shi ne, faɗan na yini ɗaya ne, amma rabuwar da ya haddasa tsakanin 'yan'uwa da abokai ta ɗauki shekaru tana aukuwa.

Zaman birni kafin yaƙi

Ƙofar Na'isa tana kudancin badala, tsakanin Ƙofar Ɗan'agundi da Ƙofar Gadon Ƙaya. A wancan zamani ƙofa ba ado ba ce. Tana da ƙyaure, tana da sarkin ƙofa mai tsaronta, in dare ya yi a rufe, sai kuma da safe. Badalar da ta kewaye birni ta haura mil 11, kuma ba duka cikinta ne gidaje ba, akwai gonaki da fadamu da kududdufai. Wani matafiyi Bajamushe, Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da 30,000, ya ce sukan ninka haka da rani in fatake sun sauka.

Yaron wannan zamani a babban gida yake tashi. Ga maigida da matansa, ga 'ya'yansa maza da nasu matan, ga jikoki da 'ya'yan riƙo da barori, a gidajen masu hali kuma ga bayi. Da zarar an yi wa yaro kaciya, wajen shekara bakwai, sai ya fara barin ɗakin uwarsa ya koma kwana a soro tare da sa'o'insa. A wurare uku yakan sami abokansa: makarantar allo, inda ake zama kewaye da wuta da asuba da almuru, ɗakin kaciya, inda waɗanda aka yi wa tare sukan riƙe juna har tsufa, da kuma dandali, inda ake langa da kokawa in farin wata ya fito. 'Yan mata su ma suna da nasu. Sukan haɗu wajen talla da wajen gaɗa, yarinya ta zaɓi ƙawa, su riƙa musayar 'yan kyaututtuka, in bikin ɗaya ya tashi ɗayar ce kan gaba.

Akwai wani abu da ya kamata mu lura da shi. Tun da yake matan aure da yawa suna kulle, yara ne ƙafafun iyayensu mata. Su ake aika kasuwa, su ke kai ƙwaryar abinci gidan dangi, su ke kai gaisuwa, su ke kuma dawowa da labarin abin da gari yake ciki. Saboda haka duk abin da ya sami gari, ta bakin yaro yakan fara shiga tsakar gida.

Ban da wannan, yaron da yake da shekara goma a 1903 an haife shi ne a cikin Basasa, wato yaƙin da aka yi tsakanin Tukurawa da Yusufawa daga 1893 zuwa 1895. Iyayensa sun ga abin da akan yi wa garin da aka ci: a kwashe dukiya, a kama mata da yara a sayar. Don haka da aka ji Nasara na tafe, wannan ne abin da kowace uwa ta fara tunawa.

Ranar da aka ci gari

A watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi Ɗanyamusa ya kashe wani Bature, Kyaftin Moloni, ya gudo Kano, Sarki Alu ya karɓe shi. Wannan na cikin hujjojin da Lugga ya kafa don kawo yaƙi. A farkon Janairu, 1903, Alu ya tafi Sakkwato da manyan hakimansa da dawakai masu yawa, don ya gai da sabon Sarkin Musulmi Attahiru. Ya bar tsaron gari a hannun manyan bayinsa, cikinsu har da Sarkin Shanu. Wato ke nan tun kafin a harba bindiga, gidajen sarauta da na barorinsu da yawa ba maza a ciki. Ga shi kuma rani ne, lokacin da fatake suke kan hanya.

A ƙarshen Janairu Kanar Molan ya taso daga Zariya da soja sama da 700. Hafsoshinsu ne kawai Turawa, sauran baƙaƙen fata ne, da yawansu ma Hausa suke ji. Suna ɗauke da igwa da bindiga mai ruwa. Suka fasa Bebeji a hanya, suka iso Kano ta yamma, suka ɓalle ƙofa a wajen Kabuga suka shiga. Ɗaruruwan masu tsaron gari suka mutu. Sarkin Shanu ya ja da baya zuwa Gidan Rumfa, a nan ya yi faɗa har aka kashe shi. Kafin rana ta faɗi an gama.

Daga Ƙofar Na'isa zuwa Kabuga ƙofofi kaɗan ne a tsakani, ba nisan da zai hana jin rugugin igwa ba ne. Sai mu kwatanta halin yaron da bai taɓa jin ƙarar da ta wuce ta bindigar toka ba, ga uwarsa ta riƙe shi a ɗaki, ubansa kuwa ko yana kan badala ko yana hanyar Sakkwato.

Abin da iyaye suka fi tsoro, wato a kwashe mutanen gari a sayar, bai auku ba. Cikin 'yan kwanaki Kasuwar Kurmi ta koma ci, sai dai an rufe wurin sayar da bayi. Amma gari ya zama ba shi da mai shi. Soja suka sauka a gidan sarki. Alu ya ji labari yana hanyar dawowa, ya rabu da rundunarsa da dare, daga baya aka kama shi aka kai shi Yola, sa'an nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Waziri Ahmadu ya gwabza da Turawa a Kwatarkwashi ya rasu a can. Wambai Abbas ya jawo sauran jama'a suka komo gida a watan Maris, aka naɗa shi sarki a watan Afrilu. Babbar Sallar wannan shekara ta faɗo a watan Maris, ta riski Kanawa ba sarki a gadon sarauta. A gidaje da yawa an yi sallar nan ne ana zaman makoki, ko ana jiran wanda ba a san ko zai dawo ba.

Rabuwa ta fari: hijira

Da Sakkwato ta faɗi ran 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Malamai da yawa suna ganin bai halatta Musulmi ya zauna a ƙarƙashin mulkin Nasara ba. Da ya ratsa ta ƙasar Kano sai dubban mutane suka bi shi, malamai da talakawa, maza da mata da yara. Waɗansu malaman kuma suka ga tun da ba a hana salla ba, kuma ba ƙarfin ja, zama ya fi, don kada a bar jama'a ba mai shiryarwa.

Wannan saɓani ya shiga har cikin gidaje. Wa ya ɗaure kaya, ƙane ya zauna. Matar da mijinta ya yi niyyar tafiya dole ta bar iyayenta. Yaro kuwa ba a shawara da shi. In malami ya tashi da almajiransa, sai 'yan unguwa su wayi gari su tarar da makaranta ba kowa, abokan karatunsu sun tafi ba ko sallama.

Turawa suka bi masu hijira har Burmi, a ƙasar Gwambe, inda aka kashe Attahiru da ɗaruruwan mutanensa ran 27 ga Yuli, 1903. Waɗansu suka komo gida. Waɗansu suka ci gaba tare da ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno, har ƙasar Sudan, suka kafa gari a bakin Kogin Nilu Shuɗi wanda ake kira Mai Wurno. Har yau akwai zuriyarsu a can masu jin Hausa, waɗanda kakanninsu suka yi wasan ƙasa tare da namu.

Rabuwa ta biyu: maganar bayi

A gidan da ake da bayi, ɗan maigida da ɗan baiwa tare suke tashi. Bayin da aka haifa a gida su ake kira cucanawa. Akushi ɗaya suke ci da 'ya'yan gida, dandali ɗaya suke zuwa, sai an girma kowa ya san matsayinsa. Turawa suka zo da doka wadda ta hana kamu da cinikin bayi, ta kuma ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu, 1901, ɗa ne. Amma dokar ba ta 'yanta waɗanda aka haifa kafin ranar ba. Su sai dai su fanshi kansu a gaban alƙali, yawanci ta hanyar murgu, wato bawa ya yi aikin kansa yana biyan ubangijinsa a hankali. Ba a soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936.

Dubi abin da wannan ya haifar a ɗaki guda. Yarinya mai shekara goma baiwa ce, ƙaninta da ke goye kuwa ɗa ne a wurin doka, alhali uwarsu ɗaya. Bayi da yawa, musamman waɗanda ba a daɗe da kamo su ba, ba su tsaya jiran alƙali ba, suka gudu garuruwansu. A wajensu wannan rana ce ta farin ciki, domin uwar da aka raba da 'ya'yanta ta sami hanyar komawa, kuma bai kamata mu manta da haka ba. A wajen ɗan maigida kuwa, abokin wasansa ne ya ɓace da dare. Wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin yadda bayin danginta suka watse bayan zuwan Turawa, da kuma yadda tsoron mahara masu satar mutane ya kau. Yaran da aka ƙwato daga hannun masu fataucin bayi, in ba a san iyayensu ba, akan kai waɗansu gidan renon da gwamnati ta buɗe a Zungeru, inda suka tashi nesa da harshensu da danginsu.

Rabuwa ta uku: gunduma

A da hakimai a cikin birni suke zaune kusa da sarki, sai su tura jakadu ƙauyukansu su karɓo haraji. Razdan na farko a Kano, Dokta Kargil, ya yanka ƙasa gunduma-gunduma, har Kanawa suka sa masa suna Mai Gunduma. Cikin 'yan shekaru aka umarci kowane hakimi ya koma ya zauna a ƙasarsa. Shi ya sa aka saba jin Madaki a Dawakin Tofa, Makama a Wudil, Sarkin Bai a Dambatta. Hakimi kuwa ba ya tashi shi kaɗai. Matansa da 'ya'yansa da malaminsa da barorinsa da iyalan barorin duk sai sun bi shi. Ta haka manyan gidaje suka rabu biyu, rabi a birni rabi a ƙauye, yaran da suka tashi lungu ɗaya suka koma sai salla-salla suke ganin juna.

Rabuwa ta huɗu: makarantar boko

A 1909 Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa, bayan badala. Akwai sashen malamai, da na 'ya'yan sarakuna, da na koyon sana'a. Iyaye suka yi ɗari-ɗari, suna tsoron kada a juya wa 'ya'yansu addini. An sha ba da labarin masu sarautar da aka ce su kawo ɗa, suka tura ɗan bara ko ɗan bawa a maimakonsa. Yaron da ya shiga boko yakan sha tsokana wurin abokansa na makarantar allo. Bayan 'yan shekaru kuma sai ga shi ya zama malamin haraji ko magatakarda a En'e, yana rubuta sunan abokin nasa a takardar biyan kuɗi. A nan ne abota ta sha babbar jarrabawa, domin ɗaya yana aiki da masu mulki, ɗaya yana kallon aikin a matsayin bin Nasara.

Cikin yaran wannan zamani akwai Alhaji Mahmudu Ƙoƙi, wanda aka haifa a 1894, ya ga zuwan Turawa yana ɗan yaro. Daga baya ya yi aiki da Bargery wajen haɗa babban ƙamus na Hausa da aka buga a 1934. Neil Skinner ya tattara labarin rayuwarsa aka buga a Zariya a 1977. Littafi ne da ya kamata kowane ɗalibin Kano ya nema.

Abin da ya riƙe jama'a

To, da yake rabuwa ta yi yawa haka, me ya hana zaman gida rushewa? Dalili na farko shi ne Turawa kaɗan ne, kuma a bayan gari suka zauna, a Nassarawa da Bompai. Ta hannun sarki da alƙali da mai unguwa suka yi mulki. Ba a bar 'yan mishan sun kafa a cikin birni ba, baƙi daga kudu kuma aka yanka musu Sabon Gari bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911. Saboda haka aure da suna da rabon gado da karatun allo suka ci gaba yadda aka gada.

Dalili na biyu shi ne zumunci. A al'adarmu maraya ba ya rasa gida. In uba ya mutu a yaƙi, baffa ko kawu ya ɗauki 'ya'ya. Matar da ta gama takaba dangi su yi mata aure. Gwaggon da ba ta haihu ba a ba ta riƙo. Aminin mamaci kuwa yakan tsaya wa 'ya'yansa kamar nasa, ya yi musu aure, ya koya musu sana'a. A nan ne abotar da aka ƙulla a ɗakin kaciya da gindin allo ta nuna amfaninta. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, kuma mun riga mun ga ƙafar nan sau da yawa ta yara ce.

An gwada wannan zumunci ba da jimawa ba. Yunwa ta auku a 1908, wata mai tsanani ƙwarai kuma ta biyo a 1913 zuwa 1914, mutane masu yawa suka mutu a ƙasar Kano, ga haraji ana nema da kuɗin Turawa maimakon wuri. A 1914 ɗin kuma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi. Yaron da yake da shekara goma ranar da aka ci Kano yanzu ya kai 21. Waɗansu daga cikin sa'o'insa suka shiga rundunar nan da ta ci garinsu, ko aka ɗebe su ɗaukar kaya, aka kai su Kamaru da Afirka ta Gabas. Wanda Allah ya ja kwanansa a cikinsu, yana da shekara 67 aka sami mulkin kai a 1960.

Darasi daga wata ƙasa

Ba Kano kaɗai aka taɓa mamayewa ba, kuma ko'ina aka yi, yara sukan sha irin wannan rabuwa. A Yaƙin Duniya na Biyu Jamus ta mamaye ƙasar Holan daga 1940 zuwa 1945. A birnin Amsterdam akwai wata yarinya Bayahudiya, Anne Frank, da ƙawarta Hannah Goslar, maƙwabta ne kuma makarantarsu ɗaya. A 1942 iyalin Anne suka shiga ɓuya, ƙawayen suka rabu ba sallama. A farkon 1945 suka sake haɗuwa a sansanin fursuna na Bergen-Belsen, shinge a tsakaninsu, Hannah ta jefa mata ɗan ƙunshin abinci. Anne ta mutu a can ba da daɗewa ba. Wahalar da aka yi a can ta kisan ƙare-dangi ce, ba a haɗa ta da abin da ya faru a Kano. Amma abin lura shi ne, duniya ta san yarinyar nan domin ta rubuta abin da take gani kullum a ɗan littafinta, ubanta ya buga shi a 1947. Yaran Kano na 1903 a ka suka riƙe nasu labarin, suka ba 'ya'ya da jikoki da baki.

Kira ga 'yan'uwa ɗalibai da iyaye

Yau ba sauran wanda ya ga ranar nan da idonsa. Ita kanta tsohuwar Ƙofar Na'isa an rushe ta a 2010 don faɗaɗa hanya, aka gina sabuwa. Abin da ya rage shi ne abin da tsofaffinmu suka ji daga nasu kakannin, kuma kullum raguwa suke yi. Saboda haka ina roƙon kowane ɗalibi, in an yi hutu, ya ɗauki littafi da alƙalami ya zauna gaban kakarsa ko kakansa. Ya tambaya, "Kaka, ina gidanmu yake lokacin zuwan Turawa? Akwai wanda ya yi gabas bai dawo ba? Me ya haɗa mu da gidan su wane da har yau ba a biki sai da su?" Sau da yawa za a tarar asalin zumuncin abota ce ta yara biyu da suka riƙe juna a lokacin tsanani.

Ku kuma iyayenmu, muna roƙo ku daure ku ba mu labarin, mai daɗi da marar daɗi, ko da a ce kakanninmu bayi ne ko masu bayi, masu hijira ne ko masu zama. Wanda bai san inda aka faro ba, ba zai san darajar zaman lafiyar da yake ciki ba. Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya kiyashe mu da ganin yaƙi a ƙofar gidajenmu, amin.